Wasa Idon Zuci

Ka taɓa tsayawa ka kalli tela yana yanka hannun riga? Yadi a shimfiɗe yake kan tebur, ba tudu ba kwari. Kafaɗar mutum kuwa ta gangaro, ta lanƙwasa, ta zagaya ta shige hammata. Tela zai ɗauki alli ya ja wani layi mai kama da tozon raƙumi, wanda kai mai kallo ba ka ga abin da ya haɗa shi da hannun ɗan Adam ba, ya bi shi da almakashi ba ko ɗar. Sai an ɗinke, mai riga ya zura hannu, sannan ka ga tozon nan ya kwanta a kafaɗa kamar tare aka halicce su. Tun almakashi bai taɓa yadin ba telan ya riga ya naɗe shi a ransa, ya saka wa mai shi, ya zagaya ya duba ta baya.

Wannan iyawa ba ta da suna guda a bakinmu. Mukan ce wane yana da ido, ko abin a jininsa yake. Ni zan kira ta idon zuci: mutum ya ɗauki abu mai tsawo da faɗi da kauri ya riƙe a ƙwaƙwalwa, ya juya shi, ya kife shi, ya tsaga shi biyu ya leƙa ciki, alhali hannunsa bai taɓa komai ba. Da shi makanike ke laluben noti a bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Da shi ungozoma ke shafa ciki ta gane kwanciyar ɗa. Da shi direban tirela ke shigar da doguwar mota lungu da baya, yana murza sitiyari hagu don wutsiyar ta yi dama.

Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ɗaga kai, ya ga inda wannan ido ke iya kai mutum. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830. Azarar giginya ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai magina su riƙa ɗora ta gaɓa-gaɓa, kowace tana leƙowa gaba da 'yar'uwarta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizon wannan bango ya sadu da na wancan a tsakiya. Kafin a aza tubalin farko dole wani ya riga ya ga mahaɗar, can sama inda babu komai tukuna sai iska. Maginan zamanin da a ƙasa suke shata gini, sauran yana cikin kai. Yaransu kuma sun cuɗa ƙasa, sun jefa tubali, sun hau bango sun sauko, sun ga baka ɗaya ta ƙarƙashi da ta bisa da ta gefe sau ba adadi, har ya zauna musu daram.

Ni a aji na fara sanin cewa ido iri biyu ne. Muna sakandare, a darasin zanen fasaha, malaminmu yakan zana abu guda ta fuska uku a allo: yadda yake in ka dube shi ta gaba, ta sama, ta gefe. Sai ya ce mu haɗa ukun mu fito da abin kansa. Akwai wani yaro a bencinmu da kafin malam ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya gama. Da yawanmu kuwa layuka kawai muke gani, murabba'i a nan, ɗigo-ɗigo a can, sun ƙi tashi su zama abu. Malam iyakar ƙoƙarinsa yake yi, amma magana ɗaya gare shi: "Ku hango shi mana!" Yadda ake hangowar ne ba wanda ya taɓa nuna mana, don shi kansa bai san ana koyar da ita ba. Da shekara ta ƙare yara da dama suka bar darasin, cikinsu har da waɗanda suka fi kowa lissafi, kowa na cewa ba shi da kan abin. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Juyin nan da ake yi a zuci ba salon magana ba ne, an auna shi. A 1971 Roger Shepard da ɗalibarsa Jacqueline Metzler, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka buga wani gwaji mai sauƙin faɗi. Ɗauki dunƙulen magi goma ka manna su a jere, jerin ya karye sau uku kamar gwiwar hannu. Irin waɗannan siffofi suka zana biyu-biyu, ɗaya a jirkice, suka tambayi mutum takwas: abu ɗaya ne aka juya, ko kuwa takalmin dama da na hagu ne, sun yi kama amma har abada ba za su zama ɗaya ba? Kowa ya amsa sau 1,600, agogo na lissafa masa. In siffofin biyu wuri guda suke fuskanta, amsa na zuwa cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Duk ƙarin karkata sai ƙarin lokaci, daidai wa daida, kimanin daƙiƙa guda ga kowane digiri 60. Ashe mutum da gaske juya abin yake yi a ransa, sannu a hankali kamar mai murɗa murfin kwalba, kuma sai ya ratsa kowace kusurwa ta tsakiya kafin ya isa. Tunda abin yana da gudu, tambayar da ta biyo baya ita ce ko horo na ƙara masa sauri.

Kuma ba ƙaramin abu ne ya rataya a kan amsar ba. A 1960 an gwada ɗaliban sakandare kimanin 400,000 a Amurka, aka bi sawunsu har shekara 11 bayan sun gama makaranta. Da Jonathan Wai da David Lubinski da Camilla Benbow suka koma kan bayanan a 2009, sai suka tarar kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka kai ga digirin digirgir a kimiyya da lissafi da injiniyanci, tun suna yara suna cikin kashi 4 na can sama a hangen siffa.

Wadda ta fi burge ni a labarin nan ita ce Sheryl Sorby. Ta shiga Jami'ar Fasaha ta Mishigan tana gwanar lissafi da kimiyya, sai darasin zanen injiniya ya tare ta kamar garu. Ita ma layuka take gani. Ta daure ta gama, ta zama farfesa a jami'ar, kuma ba ta manta da zafin abin ba. A 1993 ita da abokiyar aikinta Beverly Baartmans suka buɗe wani ɗan kwas domin sababbin ɗaliban injiniyanci. Ana fara ba kowa jarrabawar juya siffofi ta Purdue mai tambaya 30, wanda ya ci 18 ko ƙasa da haka sai a gayyace shi. A ajin babu wani siddabaru: 'yan dunƙulen roba da ake harhaɗawa, takarda mai ɗigo-ɗigo, fensir. Ka gina, ka juya, ka zana, ka sake. Cikin zango guda makinsu ya ɗaga, suka fi takwarorinsu da ba su shiga kwas ɗin ba sakamako a darussan gaba, suka kuma fi su tsayawa har ƙarshen karatu, musamman mata, waɗanda aka daɗe ana nuna musu wannan ba fagensu ba ne. Shekara ashirin bayan haka, a 2013, David Uttal da abokan aikinsa suka tattara bincike 217 a kan irin wannan horo. Yana aiki ga yaro da babba, mace da namiji, abin da aka samu ba ya gushewa da wuri, har yakan tsallaka zuwa ayyukan da ba a yi horo a kansu ba.

Sai dai dunƙulen roba na da iyaka. Ba ka iya tsaga shi a karkace ka duba bakin yankan, ba ka iya shiga cikinsa, kuma ba ka iya ɗauko zuciyar mutum ko injin mota ko ginin bene ka miƙa wa kowane ɗalibi nasa. Takarda kuwa tana da wani zalunci a ɓoye. Tana nuna abu mai kauri a shimfiɗe, sannan ta ce ɗalibi ya tayar da shi da idon zucin da ya zo nema. Mai shi ya ƙaru, marar shi ya tashi hannu rabbana.

Fasahar da ake kira VR a taƙaice, wadda ni nake ce wa duniyar kwaikwayo, hanya ce ta kewaye wannan tarko. Miƙa babban yatsanka gabanka, rufe idon dama, buɗe, rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Tsakanin idanun baligi akwai tazarar santimita 6 da 'yar ɗoriya, saboda haka kowane ido da hoton da yake kai wa ƙwaƙwalwa, ita kuma daga ɗan bambancin nan take ƙiyasta nisa da kauri. Charles Wheatstone ya nuna haka a Landan tun 1838, da madubai biyu da zane biyu. Tabaran da ake ɗaurawa a yau don shiga duniyar kwaikwayo a kan wannan ya ginu: kowane ido da nasa hoto, da gilashin da ke sa hoton ya zama kamar can nesa yake.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tabarau ya san inda kanka yake. Na'urorin jin motsi da 'yan kyamarori a jikinsa suna bin kowace waiwaya da sunkuyo, kwamfuta tana sake zana duniyar sau 72 ko 90 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. In ka leƙa ta gefen abu gefen ya bayyana, in ka durƙusa ka ga ƙarƙashinsa. Abin yana nan inda ka bar shi, kai ne kake zagaya shi. Ivan Sutherland ne ya fara haɗa irin wannan a Jami'ar Harvard a 1968, na'ura mai dogon hannun ƙarfe da ya sauko daga silin. Cikin abubuwan farko da ya nuna a ciki akwai ɗan akwati na layuka zalla tsaye a iska, da siffar ƙwayar wani sinadari. Tun ranar haihuwarta, da darasin siffa wannan fasaha ta fara.

Me ya sa zagayawa da ƙafa ta fi kallo daga zaune? A 1963 Richard Held da Alan Hein sun yi wani gwaji da 'yan kyanwa da aka rena cikin duhu. Biyu-biyu ake fito da su haske, a ɗaura su a wani abu mai juyawa: ɗaya tana tafiya da ƙafarta, tafiyar tata ce ke jan ɗayar da ke zaune cikin ɗan kwando. Abin da suka gani ɗaya ne, tsawon lokacin ma ɗaya. Wadda ta taka da kanta ta koyi gane zurfi da nisa. Ta cikin kwando kuwa, in an kusanto da ita bakin tebur, ba ta san ta miƙa ƙafa ba. Gwajin ba daɗin ji, amma abin da ya nuna ya tabbata: ido ba ya koyon wuri shi kaɗai, sai jiki ya motsa ya ga abin da motsin ya sauya. Ɗalibin da ke zaune yana kallon malam na juya siffa a majigi, a kwandon nan yake.

Roy Ruddle da Simon Lessels na Jami'ar Leeds a Ingila sun gwada makamancin haka da mutane a 2006. Ɗaki ne na kwaikwayo mai akwatuna 16, an ɓoye abu a cikin 8, a nemo su ba tare da komawa akwatin da aka riga aka duba ba. Masu yawo a ɗakin da madanni, jikinsu na wuri guda, kusan rabin lokaci ne suke gamawa ba kuskure. Waɗanda aka bari suka taka da ƙafafunsu sanye da tabarau, sau 9 cikin 10. Ƙawata hoton ɗakin kuwa bai tsinana wani abin kirki ba. Duk shugaban makarantar da ɗan kasuwa ya zo yana ruɗarsa da kyan hoto, ya tambaye shi ko yaro zai iya tashi ya zagaya abin.

Yanzu mu shiga aji, don gwanintar a nan take, kuma a hannun malami take. A ce malama ce da 'yan aji huɗu, tabarau ɗaya tak, abin da mai sanye da shi ke gani yana fitowa a bango kowa na kallo. Ta kira wata yarinya ta ɗaura mata. Daidai ƙirjinta ga sandar rake tsaye a iska. Malamar da ba ta ƙware ba cewa za ta yi, kama ki juya ki gani. Gwana ba ta fara da haka.

"Kada ki taɓa tukuna. In mai rake ya sara a miƙe, wace siffa za ki gani a bakin saran?"

"Da'ira, Malama."

"In ya karkata wuƙar fa?"

Nan aji zai rabu. Wasu su ce da'irar ce dai, wasu su ce siffar ƙwai, wani daga baya ya ce murabba'i, a kwashe da dariya. Malama ta sa kowa ya zana zatonsa a littafi, mai tabarau ma ta zana nata da yatsa a iska. Sai bayan nan ta ce, "To, bismilla, sara." Yarinya ta ɗaga hannu ta ratsa raken da wani faifai mai haske, ta zare rabin sama, ta sunkuya ta leƙa. Ƙwai ne. Ta ƙara karkata faifan, ƙwan yana ƙara tsawo a kan idonta. Ta ci gaba har faifan ya miƙe tsaye ya bi tsawon raken, sai ga murabba'i mai dogon gefe ya fito daga cikin abu mai zagaye, masu dariya suka yi tsit.

Sirrin duka yana cikin "kada ki taɓa tukuna". In na'ura ce ta yi juyin, ƙwaƙwalwa ta samu hutu, ta tashi yadda ta zauna. Dole ɗalibi ya fara juya abin a ransa, ya faɗi zatonsa a fili kowa ya ji, sannan hannu ya juya, ido ya gani. Ɗan ratar da ke tsakanin zato da gani shi ne dutsen da ke wasa idon zuci. Haka tela ke yi da yaronsa: ya bar shi ya shata da alli, sannan ya ɗora tsohon hannun riga a kai, su duba tare inda layin ya kauce.

Daga nan malama sai ta fara janye hannu, kamar mai koya wa yaro keke. Yau yarinya na iya kama siffar ta juya yadda ta ga dama. Gobe an kafe siffar, sai dai ita ta zagaya. Jibi ita ma an tsayar da ita wuri guda, a tambaye ta abin da wanda ke tsaye ta wancan gefen yake gani. Akwai wata dabara da nake matuƙar ƙauna. A saka siffar cikin akwatin gilashi, kamanninta ya fito a bangon gaba da na gefe da rufi, sannan a ɓalle akwatin a shimfiɗe shi kamar kwalin da aka warware. Fuskoki ukun nan da suka hana mu sakat a sakandare, ga su a jere, kuma yarinya ta ga daga inda kowace ta fito. Littattafan zanen injiniya sun daɗe suna kwatanta wannan akwati da zane da bayani. A nan ɗaliba ce ke buɗe shi da hannunta, ta rufe, ta sake buɗewa har ta gamsu. Minti goma sun isa. A cire tabarau a ɗaura wa na gaba, ita kuma ta koma benci ta zana abin da ta gani tun bai huce ba. Malamin da ya tsallake wannan mataki na fensir, wasa ya kai yara, don ranar jarrabawa da ranar aiki babu tabarau.

Sai harshe. Malamin da ya san aikinsa ba ya barin mai tabarau ya yi shiru. Ko dai ya riƙa faɗa wa aji abin da yake yi, ko aji su riƙa ba shi umarni yana bi. Hausa ba ta da talauci a nan: a kife, a jirkice, a karkace, a gicciye, a jingine, a rigingine, rub-da-ciki. Amma akwai wani ɗan rami da ba kowa ya lura da shi ba. Clifford Hill, wani masanin harshe Ba'amurke da ya yi bincike a kan Hausa a shekarun 1970, ya lura cewa in ƙwarya tana tsakaninka da cokali, kuma kana hango cokalin, Bahaushe yakan ce cokali yana gaba da ƙwarya, kamar kai da ita kuna sahu ɗaya kuna duban wuri guda. Bature kuwa cewa zai yi cokalin yana bayanta, don a ganinsa ƙwaryar shi take fuskanta. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Amma ka tuna da yaron da ke tunani da Hausa ana koya masa zane da Turanci, ana ta ce masa gaba da baya. Ta yiwu idonsa lafiya lau yake, gabansa da gaban littafin ne suka saɓa. A duniyar kwaikwayo wannan ba ya ɗaukar minti biyu: tsaya nan ka faɗa, zagaya can ka sake faɗa.

Ba zan ɓoye inda abin ya yi tuntuɓe ba. Tun farkon shekarun 2000 Hannes Kaufmann ya gina wata manhaja mai suna Construct3D a Jami'ar Fasaha ta Biyenna a Ostiriya. Malami da ɗalibai sukan sa tabaran da ake ganin ɗaki ta cikinsa, alƙalami a hannu ɗaya, ɗan allo a ɗayan, su kafa ɗigo a iska, su ja layi, su ratsa mazurari da faifai, suna kewaye da siffa guda kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya. Ɗalibai sun so ta ƙwarai. Amma da aka yi babban gwaji da 'yan sakandare, aka buga sakamakon a 2006, masu tabarau ba su tsere wa waɗanda aka horar ta wasu hanyoyi ba a jarrabawar takarda. Kaufmann da abokan aikinsa sun faɗi haka ba kwana-kwana, abin da ya ƙara musu daraja a idona. A 2019 kuma Guido Makransky, a ƙasar Danmak, shi da abokan aikinsa suka ba ɗalibai 52 darasin ɗakin gwaje-gwaje, a kwamfutar tebur da kuma a tabarau. A tabarau sun fi jin kamar suna wurin, amma abin da suka koya ya fi kaɗan. Kallo ya cinye hankali.

Ni a ganina waɗannan gwaje-gwaje gurbin fasahar suka nuna mata. Abin da baki ko alli ke iya isarwa, a bar wa baki da alli. Tabarau na abin da sai an zagaya shi ne, ko an shiga cikinsa, ko an tsaga shi. Akwai kuma jiri. In ido ya ce tafiya ake yi, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne ya ce a tsaye ake, sai zuciya ta fara tashi. Masu ƙera tabarau suna ƙoƙarin kada jinkirin da ke tsakanin motsin kai da sauyin hoto ya wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Aikin malami kuwa shi ne ya bar ɗalibi ya taka da ƙafarsa maimakon a tuƙa shi da madanni, ya gajarta zama, ya daidaita tazarar gilasan da idon yaro, kuma duk wanda ya ce kansa na juyawa a cire masa nan take, kada kowa ya yi masa dariya.

Inda aka kiyaye gurbin nan, amfanin yakan kai har ɗakin tiyata. Ban san jarrabawar idon zuci da ta kai tiyatar ƙaramar huda tsanani ba. Likita na kallon cikin mutum a shimfiɗe a fuskar talabijin, yana aiki da dogayen ƙarafa ta 'yar kafa, in ya kai hannu dama bakin ƙarfen ya yi hagu. A 2002 Neal Seymour da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka raba likitoci 16 masu neman ƙwarewa gida biyu. Rabi suka yi atisaye a wata na'urar kwaikwayo mai suna MIST-VR, wadda ko tabarau ba ta da shi, kuma ba ta nuna hanta ko hanji, sai 'yan ƙwallaye da akwatuna da ake kamawa a miƙa daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Da aka zo cire matsarmamar marasa lafiya na gaske, waɗanda suka yi atisayen sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kurakuransu kuma kusan ɗaya bisa shida na na sauran. A Lusaka ta Zambiya ma an yi amfani da tabaran Oculus na kasuwa, irin na masu wasan kwamfuta, wajen horar da matasan likitoci tiyatar sankarar bakin mahaifa.

Farashi ya sauko, ko da yake bai iso aljihunmu ba tukuna. A 2014 Google ya fito da tabaran kwali da ake zura wa waya, sai dai waiwaya kawai yake bi, bai san ka taka ba, kuma mun riga mun ga abin da taku ke yi. A 2020 tabaran Quest 2 ya fito a kan dala 299, ba ya bukatar igiya ko kwamfuta a gefe. A Legas, Judith Okonkwo ta kafa cibiyar Imisi 3D tun 2016, tana horar da matasa masu gina irin waɗannan manhajoji, tana kuma kai fasahar makarantu. Makarantar da ba ta da wuta balle tabarau ba ta da uzurin jira: rake yana bakin ƙofa, akwai sabulu, akwai kwali, akwai laka, kuma "kada ki taɓa tukuna" kyauta ne. Amma kwalejojinmu na fasaha da makarantun koyon aikin jinya da sassan zanen gini, tabarau ɗaya ko biyu da farantin sola ba su fi ƙarfinsu ba, in aka samu malamin da ya san lokacin ɗaurawa da lokacin cirewa.

Akwai abin da nake roƙon Allah ya nuna mini. A auna cikin masallacin nan na Zariya da kyamara, lungu da saƙo, a mayar da shi duniyar kwaikwayo. Wata ɗalibar zanen gini a Samaru ta ɗaura tabarau ta tsinci kanta a ƙarƙashin bakan Babban Gwani. Ta sa hannu ta ɓare yaɓen, azara ta fito gaɓa-gaɓa da ɗaurinta. A ɗauke mata rabin bakan na sama, malaminta ya ce ta nuna da yatsa inda ɓangarorin biyu za su haɗu. Ta nuna, a mayar da shi, ta ga tazarar da ta kauce. Ta hau inda magina suka tsaya ta duba ta bisa, ta sauko ta sake nunawa. Sannan a cire mata tabarau, a miƙa mata fensir da farar takarda.